Surukin Kansila Astajam

Ranar da aka rantsar da sababbin kansilolin garinmu ina cikin matan da suka cika barandar majalisa, muna leƙe ta taga. Bazara ce, irin wadda ko iskar Binuwai ba ta rage mata zafi. Astajam ta shigo da saurin nan nata, mayafi a kafaɗa, tana gaisawa dama da hagu. Karo na biyu ke nan da aka zaɓe ta. Kafin ita mace ba ta taɓa zama a ɗakin nan ba, kuma tun da ta zauna ba a taɓa tashi taro ba a ji muryarta ba. Famfon bakin kasuwa da bakinta ta ƙwato shi. Haka ajin manya na yamma, inda ni ma na fara riƙe alƙalami da furfura a kaina.

Tana kaiwa tsakiyar ɗakin ta tsaya cak. A kujerar da ke kallon tata an zaunar da Baaba Hamajoda, mahaifin mijinta, da rawaninsa, sandar kiwonsa a tsakanin gwiwoyi.

Na ga ta zare takalmanta. Ta ja mayafi ya rufe mata rabin fuska, ta durƙusa tana kallon bango, ta gaishe shi da muryar da ko na kusa da ita bai ji ba. Tsohon ya kau da kai wajen ƙofa ya amsa. Wasu kansiloli suka sunkuya suna murmushi. Magajin gari ya ce madalla, yau tarbiyya ta shigo majalisa.

Mu Fulanin nan da wannan muke tashi. Matar ɗa ba ta kiran sunan suruki, ba ta ci ba ta sha yana gani, ba ta ɗaga murya inda yake, balle ta ce a'a inda ya ce i. Astajam ta haifi 'ya'ya uku a gidan, amma da za a ce Baaba ya ware muryarta a cikin ta mata goma ba zai iya ba. Ta san jam'iyya ta sa sunansa tare da nasu gab da zaɓe. Mijinta Sali ya rantse mata cewa sunan kawai ake so, don ƙuri'un mutanen ruga. Me tsoho zai je yi a majalisa, shi da ba ya jin Faransanci, kunnensa ɗaya ma ya mutu? Ga shi kuwa a zaune, kuma Salin ne ya kawo shi a babur, yana tsaye a bakin ƙofa yana kaɗa makulli a yatsa.

Aka yi zaman, aka raba ruwan sanyi kowa ya sha. Tata kwalbar tana gabanta tana gumi har aka tashi.

Ni nake yi mata kitso tun tana amarya. Washegari ta aiko a kira ni, ko da yake kan nata bai tsufa ba. Na iske ta tana kai da kawowa a tsakar gida. Da ƙyar ta zauna. Ina cikin tsefewa Sali ya fito zai tafi shagonsa na maganin dabbobi.

Ba ta ɗago ba ta ce, "Ka ce ba zai zo ba."

Ya tsaya yana gyara zaman hularsa. "Ranki ya daɗe Kansila, to in hana ubana zuwa inda mutane suka zaɓe shi? Ke ma ai ban hana ki ba. Adda Kingi, ke shaida ce, na taɓa hana ta?"

Na ce ni kitso ya kawo ni.

"Ka san ba zan iya buɗe baki ba yana wurin."

"Wannan kuma tarbiyyarki ce, ba ni na saya miki ba. Ki gode wa gidanku."

Ya fita yana fito. Na ji kanta ya yi zafi a tafin hannuna.

Duk gari ya san abin da ke cin Sali. A teburin mai shayi abokansa ba sa kiransa sai mijin kansila. In ya makara su tambaye shi ko wanke-wanke ne ya riƙe shi, in ya zo da wuri su ce ko an ba shi hutu. Yakan yi dariya tare da su ya ce shi mutumin zamani ne, ba ya kulle, ba ya duka. Gaskiya ne kuwa, bai taɓa ɗaga mata hannu ba. Sai da ya daɗe yana neman hanyar rufe mata baki wadda ba za a ce shi ya yi ba, ya same ta a ɗakin ubansa. Magajin gari da shugaban jam'iyya, waɗanda Astajam ta sha tsayawa a maƙogwaronsu, ba su ɓata lokaci wajen amincewa a sa sunan tsohon ba.

Daga nan duk ranar da aka kira zama, Sali zai rufe shago ya ɗauki Baaba, ya riga kowa isa. Astajam ta mayar da kujerarta bayan ginshiƙi don kada su haɗa ido. Da farko ta gwada dabara. Ta sami wani matashin kansila a waje, ta faɗa masa abin da take so a faɗa game da magudanar ruwan unguwarsu. Ya tashi ya faɗi rabi, ya manta rabi, da aka yi masa tambaya sai ya juya yana kallon ginshiƙi, ɗaki ya ɗauki dariya. Bai sake yarda ba. Ta gwada zaman ƙaramin kwamiti, inda take tsammanin ba za a wahalar da tsoho ba. Aka sa shi a kwamitin.

Ta je wurin shugaban jam'iyya. Ya saurare ta yana jan carbi, ya ce wannan maganar cikin gida ce, shi ba ya shiga tsakanin mace da surukinta. Ya ƙara da cewa babu dokar da ta rufe mata baki, in tana da magana ta yi mana.

Ta je wurin surukarta, Dada Ubbo, ta durƙusa daga bakin ƙofa, ta roƙe ta a kaikaice ko za a lallashi Baaba ya huta, tun da tafiyar tana wahalar da shi. Dada ta ce ita ta yi shekarun da ba ta ƙirga ba a gidan nata surukin, har ya bar duniya bai ga haƙorinta ba, kuma ba ta mutu ba. Ta ce in akwai wanda ya kamata ya huta a bar wa wani kujera, ai ba mai furfura ba ne.

Shi kansa tsohon ba daɗi yake ji ba. Wata rana ina yi wa Dada kitso a inuwar rumbu na ji shi ta bayan zana yana yi wa Sali ƙorafi. Ya ce bayansa na ciwo, kujerar ƙarfe ce, ba ya jin abin da ake faɗa, in an ɗaga hannu sai na kusa da shi ya taɓa shi. Ya ce gara a kai shi ya ga shanunsa.

Sali ya ɗaga murya don ya ji. "Baaba, zamanka kawai ake so. In ka daina zuwa cewa za a yi mace ta kore ka. Matar ɗanka."

Tsohon ya ce to, a saya masa matashi.

Damina ta wuce, aka yanke dawa, aka kai auduga ma'auni. Astajam ba ta fasa zuwa zama ko sau ɗaya ba, kuma ba ta ce uffan ba. Ta rame. Gashinta ya fara biyo matsefi, gefen goshi ya zube, har na koma yi mata manyan kitso don in rufe wurin. Ba ta iya zama a gama. Sai ta miƙe da rabin kai ta leƙa tukunya, ta dawo, ta sake miƙewa ta kwashe shanyar da ba ta bushe ba. Wani lokaci ina kitso leɓɓanta na motsi. Na gane jawabi take yi, wanda ta shirya ba ta faɗa ba, tana ba wa magajin gari amsa ɗaya bayan ɗaya. 'Ya'yanta suka koyi ratsa tsakar gida a hankali, don abu kaɗan sai ta hau su da faɗa, sannan ta bi su ɗaki tana lallashi.

A waje kuma an fara surutu. Matan da suka yi mata guɗa ranar zaɓe suka sa mata suna kansila bebiya. A bakin famfo wata ta ce tun da ta ɗanɗana alawus bakinta ya cika. Ta ji, ba ta juya ba. Ba yadda za ta ce musu surukina ne, don ambaton hakan ma rashin kunya ne.

Sai ga maganar dalbejiya. A gabashin kasuwa akwai manyan itatuwan dalbejiya inda matan ruga ke sauke ƙwaryar nono tun zamanin kakanni. Magajin gari ya kawo shawarar a sare su a gina shaguna, a mayar da masu nono bayan mahauta, inda babu ko inuwar kara. Aka sa ranar da majalisa za ta yanke.

Shugabar masu nonon, Danejo, ta zo har gida da mata huɗu. Na same su a can. Ba su karɓi tabarma ba.

Danejo ta ce, "Astajam, mun bar shanu ba tatsa mun yi layi a rana dominki. Yanzu za a kai mu cikin ƙuda da jini. In kin sayar da mu ne ki faɗa mana, mu san inda muka dosa."

Astajam ta ce ba ta sayar da kowa ba.

"To me ya kama harshenki?"

Ta dubi sashen Baaba, ta dubi ƙasa. Danejo ta bi inda ta duba, ta gane. Ita ma ta yi ƙasa da kai, don a ruga abin ya fi na gari ƙarfi. Ta daɗe tana murza bakin zanenta kafin ta ce ita dai ba ta sani ba, amma nono ba ya kai azahar a rana. Suka ɗauki ƙorensu suka fita.

Ana saura 'yan kwanaki zaman, zazzaɓi ya kwantar da Baaba. Malamin asibiti ya zo gida ya yi masa allura, ya ce ƙirjinsa ya cika, kada a fitar da shi ko bakin zaure. Astajam ta dama masa kunun tsamiya ta aika da 'yarta ta kai. Da na zo ta ja ni ɗaki ta rufe ƙofa.

"Adda Kingi, Allah ya yafe mini. Da aka ce ba zai iya fita ba, daɗi na ji. Mutum yana kwance ina jin daɗi. Ki ga inda aka kai ni."

Na ce ta zauna in gyara mata kai. Ran nan ta zauna har na gama.

Ranar zaman masu nono suka cika baranda, ƙorensu jere a gindin bango. Kujerar Baaba ba kowa, matashinsa kawai. Astajam ta jawo kujerarta daga bayan ginshiƙi ta kawo gaba. Magajin gari yana ta kallon ƙofa, yana jan karatun takardunsa, amma dole ya kai ƙarshe ya tambaya ko akwai mai magana. Ta miƙe. Muryarta ta fito a dishe, kamar ta wanda ya tashi daga jinya. Ta yi sallama, ta fara.

Ba ta yi nisa ba muka ji ƙarar babur. Rana tana tsaka. Sali ya shigo da wani yaron shagonsa, sun saƙalo Baaba ta hammata, ƙafafunsa na jan ƙasa. An naɗa masa rawani a karkace. Leɓɓansa sun bushe sun yi fari, numfashinsa har baranda muna ji. Suka zaunar da shi, Sali ya gyara masa matashi, ya koma bakin ƙofa ya harɗe hannu.

Magajin gari ya jingina da kujerarsa.

"Kansila, kina magana. Ko kin gama?"

Ta sunkuya ta zare takalmi ɗaya. Hannunta na kan ɗayan ta tsaya. Ban san tsawon lokacin da ta yi a haka ba. Sai ta miƙe, ta juya wa ɗakin baya ta fuskanci bango, ta ja mayafi ta rufe fuskarta duka.

"Ban gama ba."

Da bango ta yi maganar, da Fulatanci, ba da Faransanci ba. Ta ce matan nan tun asuba suke tasowa, wasu da goyo, su tako har gari da ƙwarya a ka, kuma abin da gari ya taɓa ba su bai wuce inuwar nan ba, ita ma ba majalisa ta shuka ta ba. Ta ce bayan mahauta ko kare ba ya kwanciya da rana. Ta ce a ɗakin nan akwai waɗanda da kuɗin nonon gindin itatuwan aka saya musu allo da littafi, ba za ta kira suna ba, sun san kansu. Ta ce in shaguna ake so, ga fili a hanyar Garwa yana zaune, sai dai in masu son shagon sun riga sun raba na bakin kasuwa a tsakaninsu.

Baaba bai ji kalmomin ba, na tabbata. Amma ya ga inda kowa ke kallo, ya ga wadda ke tsaye. Ya ja bakin rawaninsa ya rufe ido.

Da aka zo ɗaga hannu, na kusa da shi ya kama gwiwar hannunsa ya ɗaga masa, a goyon bayan sarewa. Da aka ce waɗanda ba su yarda ba, Astajam ta ɗaga nata tana kallon bango. Wani dattijo a baya ya ɗaga, sai wani, sai wasu. Magajin gari ya duba ya ga abin ba zai yi masa kyau ba, ya ce an ɗage maganar sai an ƙara nazari. Har yau ana nazarin.

Tsohon ya ce a fitar da shi. Aka sake ɗora shi a babur cikin ranar nan, yaron ya zauna a baya ya riƙe shi. Bai cika mako ba ya rasu.

A wurin zaman makoki ban ji wanda ya ambaci zazzaɓi ba. Dada Ubbo tana zaune a tsakiyar mata, duk wadda ta yi mata gaisuwa sai ta ce, "Sau ɗaya ya ji muryarta, ya tafi." Maganar ta fita daga gidan ta shiga kasuwa, ta hau motocin ƙauye. Astajam tana bayan gida tana tuƙa tuwon baƙi, matan da ke taya ta suna matsawa in ta matso.

Bayan sadakar bakwai Sali ya sa aka kwashe kayanta aka kai gidan wanta. Yara suka zauna a gidan ubansu, har ƙaramar da ba ta iya ɗaura zane ba. Ya bi manya yana bayani. Ya ce shi har ga Allah ba ya so, amma da wane ido zai dubi 'yan'uwansa? Ya ce ya ba ta 'yanci irin wanda ba namijin da ya taɓa ba mace a garin nan, ga sakayyar da ta yi masa. Da wanta ya tambaye shi dalilin fitar da majinyaci bayan an hana, sai ya ce tsoho ne ya matsa, shi kuma ba ya iya yi wa ubansa musu. Mutane suka gyaɗa kai suka ce ɗa na gari ke nan. A teburin mai shayi aka daina yi masa tsiya, har ana matsa masa wuri a benci.

Na bi ta gindin dalbejiya wata safiya sayen man shanu. Danejo tana zaune a inuwa, nononta fari tas. Ta tambaye ni jikin Astajam, ta ce Allah ya saka mata da alheri, ta ƙara mini man a kan wanda na saya ta ce in kai mata. Har na juya ta kira ni, ta rage murya.

"Amma Kingi, a gaban suruki? Ni dai 'yata ba za ta yi haka ba."

Astajam ta ƙarasa wa'adinta. Yanzu ba mai hana ta magana, sai dai in ta miƙe wasu su fita shan iska, wasu su kama kallon silin. Ba wanda ke so a gan shi yana goyon bayan matar da ta kashe surukinta da baki. Da aka zo sabon zaɓe ba a sa sunanta ba, ba a kuma gaya mata dalili ba. Tana gidan wanta, a ɗakin da ake ajiye albasa da. In lokacin tashin 'yan makaranta ya yi sai ta bar abin da take yi ta tsaya a bayan ƙyaure, ko nata za su biyo ta nan. An hana su biyowa, amma ba ta fasa tsayuwar ba.

Na daɗe ina juya abin nan ni kaɗai. Kunyar da aka koya mana don mu girmama tsofaffi ita aka ɗauka aka ɗaure mace da ita, aka kuma ja tsohon a ƙasa har kabari don ɗaurin ya yi ƙarfi. Wanda ya yi wannan yana shagonsa, ana gaishe shi da Alhaji. Wadda ta juya wa bango fuska don kada ta haɗa ido da surukinta, ita ce marar kunya.

Bana daga sama aka ce wa jam'iyya dole ta sa mace a cikin 'yan takara. Da yake ni ina shiga kowane gida, shugaban jam'iyya ya tare ni a hanya, ya gaishe ni da Goggo, abin da bai taɓa yi ba. Ya ce in taya su dubawa, suna son mace mai ɗan ilimi, mai hankali, 'yar gidan mutunci. Ya ce an ambata masa wata malamar makaranta a unguwar Sabongari, ko na san ta? Na ce na san ta, ni nake yi mata kitso.

Ya matso da carbinsa a hannu.

"Surukinta fa, yana da rai? Da sauran ƙarfinsa?"